Nauyin da motar daji za ta ɗauka da wanda za ta ja: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na masu jif da a-kori-kura ne masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda ke sauka daga kwalta da kaya a baya ko tirela a ɗaure. Lambobin da za ka gani a nan ko dai na misali ne, ko na wata ƙira da muka ambata da suna. Taka motar tana da nata, kuma su za ka bi.

An rubuta cewa motata tana jan kilo 3,500. Duk tirelar da ba ta wuce haka ba zan iya ɗaura mata ke nan?

Ba lalle ba ne. Lambar nan ɗaya ce cikin iyakoki shida da ke kan motar a lokaci guda: nauyin motar da duk abin da ke cikinta, nauyin da kowane aksul zai ɗauka, nauyin mota da tirela a haɗe, nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙwallon ja (dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela a kai), ƙarfin tayoyi, sai kuma nauyin tirelar kanta. Wadda ka fara cin karo da ita, nan ka tsaya. Kamfani yana kai wa 3,500 ne da mota kusan fanko, a kan kwalta, da tirela mai birkin kanta.

Ɗauki Ford Ranger mai injin dizal lita 3.2 da aka sayar a Ostareliya kafin 2022. A takarda tana jan kilo 3,500, iyakar nauyinta ita kaɗai 3,200, iyakar mota da tirela a haɗe 6,000. Cire 3,500 daga 6,000, saura 2,500. Motar kuwa tana fanko ta kai wajen 2,200. Abin da ya rage wa direba da fasinjoji da kaya da duk ƙarfen da aka ƙara mata kilo 300 ne kacal, a motar da aka ce tana ɗaukar kusan tan guda. Lambobin biyu duk gaskiya ne, amma ba a samun su a tafiya ɗaya.

A ina zan ga waɗannan lambobi, kuma me kowacce ke nufi?

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai, ko ka ɗaga bonet. Akwai ɗan faranti ko takarda mai manne. A motocin da aka yi wa kasuwar Turai layi huɗu ne a jere: na farko iyakar nauyin mota da lodinta, na biyu iyakar mota da tirela a haɗe, na uku mai alamar 1 na aksul ɗin gaba, na huɗu mai alamar 2 na aksul ɗin baya. A motocin Amurka za ka ga GVWR, wato iyakar nauyin mota, da GAWR, wato iyakar aksul, sau biyu, na gaba da na baya. A wasu ƙasashe GVM ake rubutawa maimakon GVWR, na mota da tirela a haɗe kuma GCM.

Ƙarfen ja yana da nasa faranti, kuma sau da yawa lambarsa ta gaza ta motar. Idan mota tana jan 3,500 amma ƙarfen da aka ɗaura mata na 2,500 ne, to 2,500 ce iyakarka. Tirela ma tana da faranti a wuyanta.

Yaya zan lissafa lodin da ya rage mini?

Cire nauyin mota tana fanko daga iyakar nauyinta. Mu ce iyaka 3,100, fanko 2,250, lodi 850. A ido da yawa ne. Yanzu fara cirewa.

Manya huɗu, kowanne kilo 80, sun ci 320. Bamban ƙarfe a gaba 70, winci (na'urar ja mai naɗe igiya) 35, keriyar rufi 25, tantin da ake ɗorawa a kanta 60, batir na biyu 25, firji da abin cikinsa 45. Ruwa lita 40 kilo 40 ne daidai. Jarkar ƙarfe mai lita 20 cike da dizal tana kai 21, biyu 42. Tayar safaya ta biyu da wilinta 35, kayan aiki da jak da igiyoyi 40. Jimla 737. Saura 113, kuma ba a sa jakar tufafin kowa ba.

A nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe: nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙwallo yana shiga cikin lodin mota. Tirela mai kilo 2,000 za ta danna kusan 200. Motar misalinmu ta wuce iyaka da kilo 87 ke nan, alhali tirelar ba ta kai kashi biyu cikin uku na kilo 3,500 da aka ce motar tana ja ba.

Nauyin fanko da ke cikin littafin mota abin dogaro ne?

Kusa-kusa dai. Ma'anar fanko ta bambanta. A Turai akwai awon da ke haɗawa da direba mai kilo 75 da tanki mai kashi 90 cikin ɗari na mai. A Ostareliya akwai wanda ake yi da lita 10 kawai a tanki. Motar da tankinta ke cin lita 80 na dizal, bambancin mai kaɗai ya kusa kilo 60, tunda lita ɗaya ta dizal wajen kilo 0.84 ce, ta fetur kuma wajen 0.74.

Sikelin awon manyan motoci ne ke raba gardama. Je da motar a shirye tsaf kamar ranar tafiya, tanki cike, mutane a ciki. Hau da tayoyin gaba kaɗai, a rubuta. Hau da motar duka, tirela na ɗaure amma tayoyinta a waje, a rubuta. Cire na farko daga na biyu, ka sami nauyin aksul ɗin baya. Sai ka hau da komai gaba ɗaya. A ƙarshe kwance tirelar ka sake auna motar ita kaɗai: bambancin wannan da awo na biyu shi ne nauyin kan ƙwallo. Irin wannan sikeli yakan ƙirga da ashirin-ashirin, don haka kada ka ɗauki saura kilo 10 a matsayin rata.

Nawa ya kamata bakin tirela ya danna a kan ƙwallo?

A Amurka ana bin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela, a Ostareliya wajen 10, a Turai kuma 5 zuwa 7, domin tirelolinsu an gina su daban kuma gudun da doka ta yarda a ja su da shi kaɗan ne. Idan babu abin da kamfanin tirelar ya faɗa, kama kashi 10, matuƙar bai wuce lambar da ke kan ƙarfen ja da ta littafin mota ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, aksul ɗin baya yana ɗaukar fiye da abin da ke kan ƙwallon. Ƙwallon yana can bayan aksul, don haka aksul ɗin ya zama kamar dutsen da ake sawa ƙarƙashin sanda idan za a ɗaga abu mai nauyi. Auna tazarar aksul zuwa aksul, ka auna daga aksul ɗin baya zuwa ƙwallo. Mu ce mita 3 da mita 1.3. Haɗa su, 4.3, raba da 3, ka ninka da nauyin ƙwallo. Kilo 300 a ƙwallo ya zama 430 a aksul ɗin baya, kuma ƙarin 130 ɗin daga tayoyin gaba aka ɗebo shi. Shi ya sa sitiyari ke yin sakayau, fitilu su riƙa haska saman bishiyoyi, birkin gaba ya rage kamu. Duk wanda ya sa dogon ƙarfen ja don ya kauce wa tayar safaya da ke ƙofar baya, ya ƙara wa wannan lissafi muni.

Sau da yawa, a mota mai lodi da tirela, iyakar aksul ɗin baya ce ke fara cika.

Zan iya auna nauyin ƙwallo a gida?

Ƙwarai. Akwai ɗan sikeli na musamman da ake sawa ƙarƙashin bakin tirela. In babu, sikelin awon mutum ya isa. Ajiye bulo da sikelin a fili mai daidai, tsakaninsu santimita 90, ka shimfiɗa katako mai kauri a kansu. Tokare bakin tirelar da gungumen itace a kan katakon, santimita 30 daga bulon. Abin da sikeli ya nuna, ninka shi uku. A tare tayoyin tirelar da duwatsu tukuna, kuma bakin ya tsaya a tsayin da yake tsayawa idan yana kan mota, domin ɗaga shi ko sauke shi yana canza awon, musamman a tirela mai aksul biyu.

Me ke sa tirela ta fara kaɗa wutsiya, kuma me zan yi idan ta fara?

Nauyi a bayan aksul ɗinta da gudu. Tirelar da bakinta ba shi da nauyi za ta bi ka lami lafiya a kilomita 60, a 90 kuma iskar babbar mota ɗaya ta ishe ta fara lilo, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Ɗora wajen kashi 60 cikin ɗari na kaya a gaban aksul, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da shi. Kada ka gyara bakin da ya yi nauyi ta hanyar rataya jarkoki a ƙarshen baya. Awon ƙwallo zai yi kyau, amma nauyi a ƙarshe biyu shi ne ainihin abin da ke ciyar da lilon.

Idan ta fara: ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi ta da gyara. Taka birkin mota da ƙarfi yana sa tirelar ta turo ka ta naɗe. In tirelar mai birkin lantarki ce, danna maɓallinsa na hannu, ita kaɗai ta ja baya, layin ya miƙe. Bayan ta lafa, tsaya ka sake jera kayan.

Masu jan gidan tirela a Ingila suna ba sabon hannu shawarar kada nauyin tirela ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin mota tana fanko. Ba doka ba ce, amma muna ganin shawara ce mai kyau a ko'ina.

Idan na sauka daga kwalta, iyakar tana nan yadda take?

Ba ta nan, kodayake kamfanoni kaɗan ne ke rubuta haka ƙarara. Land Rover na cikinsu: a littattafan Defender da Discovery, motar da ke jan 3,500 a kan titi an taƙaita ta a kilo 1,000 idan an bar titi. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ke nan, daga kamfanin da sana'arsa ke nan.

Dalilin a fili yake. A kan kwalta nauyi yana zaune. A cikin rami ko kwazazzabo yana tashi ya faɗo, kuma a lokacin faɗowa kilo 250 na kan ƙwallo yana iya dukan shasi da ninki biyu ko fiye. A yashi, tayoyin tirela suna nutsewa kuma babu injin da ke juya su, mota ce ke jan su kamar garma. A hawa mai santsi, nauyin tirela yana janye motar baya. A gangara yana tura bayanta gefe. Hanyar gargada kuma tana da nata aikin: shokazoba tana motsi sau ɗaruruwa a minti, man cikinta ya yi zafi ya yi kumfa, ta daina riƙe komai, motar ta fara shawagi.

Inda littafi bai ce komai ba, ra'ayinmu shi ne a burji mai kyau a tsaya a kashi biyu cikin uku na lambar titi, a yashi mai zurfi da taɓo da duwatsu kuma a sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku. Lodin cikin mota ma a bar masa ratar kilo 100 zuwa 150.

Na sa sifirin mai ƙarfi, motar ta daina zama. Lodina ya ƙaru ke nan?

Bai ƙaru ba. Sifirin ya ɗaga bodi, amma aksul da boris da birki da shasi da tayoyi duk na jiya ne. Haɗarin ma ya ƙaru ta wata fuska, domin zaman bayan mota shi ne gargaɗin da ido ke gani, yanzu kuma an rufe shi.

Jakar iska da ake sawa tsakanin aksul da shasi ta fi buƙatar hattara a a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Sifirin mai ganye yana raba nauyi a wuri biyu masu nisa da juna a jikin shasi. Jakar iska tana tara shi a wuri ɗaya. Haɗa wannan da kaya masu nauyi a bayan aksul, da tirela, da rami ɗaya da aka faɗa da gudu, sai shasi ya lanƙwashe daidai tsakanin ɗakin fasinja da bodin kaya. Alamar farko ita ce ratar da ke tsakanin su biyun ta buɗe daga sama kamar bakin almakashi. A irin wannan mota aksul ɗin baya yana kusa da gaban bodin kaya, don haka yawancin filin lodin yana bayansa. Batir da ruwa da mai su manne da bayan ɗaki, marasa nauyi su bi baya.

Akwai ƙasashen da ake ƙara iyakar nauyi a hukumance, injiniya ya duba, a buga sabon faranti. Ko a can, sau da yawa iyakar mota da tirela a haɗe ba ta motsawa, don haka duk kilon da ka ƙara a mota daga tirela ka cire shi.

Manyan tayoyi da ɗaga mota fa?

Suna rage abin da za ka ja. Daga taya mai inci 31 zuwa mai 33, ƙarfin da ke kaiwa ƙasa ya ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari, birki ma ya ragu da kusan haka. Ɗaga mota yana ɗaga tsakiyar nauyinta, yana kuma ɗaga ƙwallo, sai bakin tirela ya kalli sama. A sa ƙarfen ja mai sauko da ƙwallo har tirelar ta kwanta daidai ko bakinta ya ɗan sunkuya.

Nawa zan ɗora a rufi?

Kaɗan. Suzuki Jimny kilo 30 ne har da nauyin keriyar. Yawancin jif-jif suna tsakanin 75 da 100. Defender 110 ta 2020 tana kai 168 a tafiya da 300 a tsaye, kuma ita ta fita daban. Lambar tsaye ita ce ke ba mutum biyu damar kwana a tantin rufi, ba ta shafi tuƙi ba. Wasu masu ƙera keriya suna cewa a raba lambar tafiya da 1.5 idan an bar kwalta: 100 ta koma 66, a cire keriya mai 25, saura 41. Jarka biyu sun cinye shi. A hanyar da ta karkata gefe, nauyin sama ne ke kifar da mota.

Ta yaya zan san ko tayoyina za su ɗauki nauyin?

A gefen taya, bayan girmanta, akwai lamba da harafi, misali 112T. Lambar alama ce ta nauyi: 110 kilo 1,060 ne, 112 kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 120 kilo 1,400. Ninka biyu ka kwatanta da awon aksul ɗin baya. Tayoyi masu alamar LT suna da gefe mai kauri, su suka dace da lodi da duwatsu.

Sai dai taya tana ɗaukar wannan nauyi ne idan iskarta ta cika. A yashi ana sauke iska zuwa 15 ko 18 a awon psi don taya ta shimfiɗu, kuma tayoyin tirela ma a sauke su, in ba haka ba su yi ta yankan ƙasa. Da irin wannan iska kada gudu ya wuce kilomita 30 zuwa 40, kuma a guji juya sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga wili. Ana taka ƙasa mai tauri, a mayar da iska. Tayar da ke ɗauke da lodi da ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasa a kowane juyi, zafi ya taru, ta fashe bayan awa ɗaya ko biyu. Direbobi suna da gwajin da ke taimakawa: auna iska da sanyi, sake aunawa bayan awa ɗaya a kan titi. Ƙarin wajen psi 4 daidai ne. In ya kai 7 ko 8, iskar farko ta yi kaɗan ko lodin ya yi yawa.

Tirela maras birki, har nawa?

Kilo 750 a yawancin manyan motoci, kuma a Turai da Ostareliya nan doka ta ja layi. Ƙananan motoci ba su kai nan ba: Jimny 350 ne ba birki, 1,300 da birki. Jeep Wrangler mai ƙofa biyu a Amurka iyakar janta gaba ɗaya kilo 907 ne, mai ƙofa huɗu ta saba da 1,588. Gajartar mota da laushin sifirin, waɗanda ke sa ta iya hawan dutse, su ne ke hana ta riƙe tirela.

Birkin tirela iri biyu ne. Na turawa yana kamawa idan tirela ta danno mota, ba ya buƙatar waya, amma direba ba shi da iko a kansa. Na lantarki ana daidaita ƙarfinsa daga gaban mota, a rage shi a tsakuwa don kada tayoyi su kulle, a danna shi da hannu a gangara. A daji na biyun ya fi.

Me ke fara lalacewa idan ana jan nauyi a zafi ko a tsauni?

A mota otomatik, man giya. Yana son zama tsakanin digiri 80 da 95, idan ya haura 120 ya fara ƙonewa, launinsa ya yi duhu, ya yi ƙauri. A yashi da hawa mai tsawo, sa 4L, wato giyar ƙarfi ta ja da ƙafa huɗu, tun da wuri. Tana ninka ƙarfi wajen sau biyu da rabi, giya ta huta. A mota mai giyar hannu kuloci ne ke shan wahala, kuma maganin ɗaya ne. Kada dai a bar 4H (ja da ƙafa huɗu a gudun da aka saba) ko 4L a kan kwalta a motar da ba a yi ta don haka ba, farfela da akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya za su ɗaure.

A saukowa, birki ne. Man birki na DOT 4 sabo yana tafasa a digiri 230, wanda ya sha danshi a 155. Idan ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba kamu. Canza shi duk shekara biyu, kuma sauko da giyar da ka hau da ita, ka riƙa taka birki da ƙarfi kana saki maimakon jan sa a hankali tun daga sama har ƙasa. Kada a sauko a firi.

Tsayin ƙasa ma yana cin ƙarfi. Injin da ba shi da tobo yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300, kuma Ford tana cewa a rage nauyin haɗe da kashi 2 a kowace irin wannan tazara. Ma'aunin da kamfanoni ke bi a Amurka, SAE J2807, ya haɗa da hawan hanyar Davis Dam a jihar Arizona, kusan kilomita 18, a zafin digiri 38 ko fiye, na'urar sanyi a buɗe. Gwaji ne mai tsanani, amma a kan kwalta ake yin sa.

Ƙwallon ja na yau da kullum ya isa a daji?

Ƙwallo mai milimita 50 yana ɗaukar tirela har kilo 3,500, amma kusurwar da yake juyawa kaɗan ce. Idan mota ta fita daga rami tirela tana shiga, bakin yana kaiwa ƙarshe, ko ya ɓalle ko ya lanƙwasa wuyan. Mahaɗin daji yana juyawa sama da ƙasa da gefe, yana kuma murɗawa, ta yadda tirela in ta kife ba za ta tafi da mota ba. Sanduna masu mayar da nauyi gaba, a kwance su kafin a bar titi. Sarƙoƙin tsaro biyu kuma a gicciya su ƙarƙashin wuyan tirela, don in ya fita su tallafe shi.

Mota ta kafe. Zan iya rataya igiya a ƙwallon ja a fizge ta?

Kada ka kuskura. An yi ƙwallo don ja mai santsi, ba don fizga ba. Igiya mai talewa tana miƙewa wajen kashi 20 cikin ɗari, ta tara ƙarfin tan da yawa. Idan wuyan ƙwallon ya karye, dunƙulen ƙarfen yana tashi kamar harsashi zuwa gilashin ɗaya motar, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Zoben da ke ƙarƙashin bamba ma yawanci na ɗaure mota a jirgi ne.

A yi amfani da wurin ja da aka ɗaure a shasi mai lambar ƙarfi a jiki. Ƙarfin igiya ya zama ninki biyu zuwa uku na nauyin motar da ta fi sauƙi cikin biyun. A yafa bargo mai nauyi a tsakiyarta, kowa ya matsa nesa da ya fi tsawon igiyar sau ɗaya da rabi. Kafin komai, kwance tirela, sauke kaya, haƙe gaban tayoyi, rage iska. Sau da yawa daga nan motar take fita da kanta.

Winci kuma a zaɓi mai ƙarfin ninki ɗaya da rabi na iyakar nauyin mota. Lambarsa ta zagayen farko ce na igiya a kan gangar da take naɗuwa a kai. Kowane zagaye da ya hau yana rage ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin ɗari, don haka a warware igiya da yawa, a bar aƙalla naɗi biyar.

Idan motar ce ta mutu, yaya za a ja ta?

Ɗora ta gaba ɗaya a kan motar janwe mai shimfiɗa ya fi komai. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kullum, idan aka ɗaga gabanta aka bar tayoyin baya suna juyawa, akwatin raba ƙarfi zai ƙone cikin 'yan kilomitoci. In dole sai an ja ta a ƙasa, a sa akwatin a firi idan yana da wurin, ko a kwance farfela, a yi wa bakinta alama da fenti don ta koma yadda take. Giyar otomatik ba ta samun zagayen mai idan injin a kashe yake, shi ya sa littattafai ke taƙaita gudu da nisa ƙwarai. A buɗe makulli don sitiyari kada ya kulle. Wanda ke ciki ya sani bayan taka birki biyu ko uku feda za ta yi tauri kamar dutse, sitiyari ma haka, don haka sandar ƙarfe ta fi igiya a gangara.

Babur mai ƙafa huɗu fa?

Lissafin ɗaya ne, lambobin ne ƙanana. Honda Rancher tana ɗaukar kilo 30 a keriyar gaba, 60 a ta baya, tana jan 385. Tankin feshi mai lita 60 ya cika keriyar baya tun ba a ƙirga nauyin tankin ba, kuma ruwan da ya rage rabi yana tuntsurawa gefe a karkata.

Me zan duba a hanya?

Tsaya bayan kilomita 20 na farko a gargada, sannan duk awa biyu. Kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace tayar tirela: ɗumi daidai ne, wadda ta fi sauran zafi boris ɗinta ya bushe ko birki yana kamawa. Idan za a ratsa ruwa, a bar cibiyoyin su huce tukuna, domin mai zafi tana zuƙo ruwa ta bakin roba ya ɓata giris. Bi notocin taya da sifana, na mota da na tirela, musamman tayar da aka canza kwanan nan. Leƙa robar da ke tare aksul ɗin baya: in akwai sabon tabo mai sheƙi inda take bugawa, lodin ya yi yawa ko gudun. Duba jikin shokazoba ko mai ya jiƙa shi, ka girgiza ƙafafun keriya, ka ƙara ɗaure igiyoyin kaya, domin a awa ta farko suke saki.